Sauran 'yan sandan da ke wurin fa, me suka gani?

Duk lokacin da bidiyon wani ɗan sanda yana cin zarafin mutum ya karaɗe Facebook ko TikTok, don Allah mai karatu ka ɗan tsayar da shi ka ƙirga masu kakin da ke cikinsa. Da wuya ka ga mutum ɗaya. Ga wanda ke marin ɗan adaidaita sahu, ga wani a gefe rataye da bindiga yana kallon titi kamar ba a gabansa ake yi ba, ga na uku a cikin mota yana danne-dannen waya. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai kakakin rundunar ya fitar da sanarwa cewa an gano jami'in, an tsare shi, zai fuskanci hukunci. Wani lokacin har da hoton an tuɓe masa kaki. Mu kuma mu yi ta jinjina a wajen sharhi, shi ke nan an wuce wurin.

To su biyun nan fa? Ba wanda ke tambayar su komai. Kuma ka tuna da kyau, a cikin irin waɗannan labarai da ka sha karantawa, sau nawa ka ji an ce abokin aikin jami'in ne ya kai ƙararsa tun kafin bidiyon ya fita? Kusan kullum wayar wani mai wucewa ce ke tona asirin. In babu waya a wurin, ko kuwa abin ya faru ne da tsakar dare a bayan kantar caji ofis, to shaidun da suka rage duka masu kaki ne, kuma abin da suka rubuta shi ne zai zama labarin.

A ganina wannan shirun ya fi marin kansa illa. Azzalumi guda ana iya korar sa gobe. Amma rundunar da jami'anta suka saba da kawar da kai daga laifin juna, ko an kori mutum goma, wasu goman na nan tafe, domin kowa ya san ba za a faɗa ba. Mutane na yawan cewa wake ɗaya ke ɓata gari, manyan 'yan sanda ma sun fi kowa son wannan karin maganar, don tana nuna ɓata-garin 'yan tsiraru ne. Na yarda 'yan tsiraru ne. Sai dai shi wake ba ya da abokan da za su rufe shi da gari don kada mai tankaɗe ta gan shi.

Yawancinmu muna 'yan yara, wasunmu ma ba a haife su ba, lokacin da aka yi kisan da ake kira na mutum shida na Apo, don haka ya kamata a maimaita labarin. A daren 7 zuwa wayewar 8 ga watan Yunin 2005, wasu matasa shida, maza biyar masu sayar da kayan gyaran mota a Apo da ke Abuja da budurwa ɗaya mai suna Augustina Arebu, suna dawowa daga wurin shaƙatawa a cikin mota suka iso shingen 'yan sanda a titin Gimbiya da ke Garki. Aka buɗe musu wuta. Huɗu suka mutu a wannan harbin. Biyu suka tsira da ransu, ita Augustina da wani mai suna Anthony Nwokike, amma gari bai waye da su ba. Daga baya aka kashe su.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi dacewa da maganarmu. 'Yan sanda suka sanar cewa 'yan fashi ne, su suka fara harbi. Aka ajiye makamai kusa da gawawwakin, aka kira mai hoto ya ɗauka, aka yi gaggawar binne su. Ka tsaya ka yi lissafin hannun mutum nawa ake buƙata kafin a haɗa irin wannan ƙarya. Akwai waɗanda suke shingen. Akwai direban da ya kwashi gawa. Akwai wanda ya buɗe ma'ajiyar da aka ɗauko makaman. Akwai wanda ke kan kanta a daren, da wanda ya rubuta rahoto, da wanda ya sa masa hannu. Cikinsu ba lallai ne kowa ya taɓa kunamar bindiga ba, amma kowa ya san matasan nan ba 'yan fashi ba ne, kuma da safe ba a samu ko mutum ɗaya da ya nufi hedikwata ya ce ranka ya daɗe, ga abin da na gani jiya ba.

'Yan kasuwar Apo ne suka gane 'yan uwansu, suka tayar da ƙayar baya, har ta kai gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck. Sai a gaban wannan kwamiti, bayan an tono gawawwakin an kuma matsa lamba, bakin wasu ƙananan jami'ai ya fara buɗewa, ƙaryar fashin ta warware. Ɗaya daga cikin 'yan sandan da ake sa ran zai ba da shaida ya mutu kafin ya kai ga yi, kuma rahotanni sun ce binciken gawarsa ya nuna guba ce. DPO ɗin Garki na lokacin, Othman Abdulsalam, ya sulale daga hannun 'yan sandan da ke tsare da shi. Wato mutumin da ake zargi da hannu a kisan mutum shida ya fice daga tsakiyar masu kaki, kuma ba wanda ya gan shi.

Shari'ar ta ɗauki kusan shekara 12. Sai ranar 9 ga watan Maris na 2017 Mai Shari'a Ishaq Bello na Babbar Kotun Abuja ya yanke hukunci. Ya yanke wa ƙananan jami'ai biyu, Ezekiel Acheneje da Emmanuel Baba, hukuncin kisa, bisa bayanin da suka yi da bakinsu cewa su suka harbe biyun da suka tsira, kan umarnin na gaba da su. Sauran ukun, ciki har da mataimakin kwamishina Danjuma Ibrahim, kotu ta sallame su saboda hujjojin da aka kawo ba su isa ba, kuma shaidun suna cin karo da juna. Shi kuwa DPO har ranar ba a kawo shi gaban alƙali ba.

Ba ina ja da hukuncin kotu ba ne. Alƙali da abin da aka ajiye a gabansa yake aiki, wanda kuma kotu ta wanke ya wanku a idon doka. Su biyun da aka yanke wa hukunci ma ba abin tausayi ba ne, rai suka kashe, kuma "oga ne ya sa ni" ba ta taɓa zama uzuri ba. Abin da nake so mu duba shi ne darasin da wani kurtu da ya fito daga kwalejin 'yan sanda ta Kaduna zai ɗauka in ya ji wannan labari. Wanda ya yi niyyar magana ya mutu. Waɗanda suka amsa da bakinsu an yanke musu hukuncin kisa. Wanda ya gudu ya sha. In kai ne shi, wace hanya za ka zaɓa ranar da ka ga abin da bai kamata ka gani ba?

Yanzu mu ajiye wannan kusa da wata shari'ar. Ranar Kirsimeti ta 2022, a ƙarƙashin gadar Ajah da ke Legas, wani jami'i mai muƙamin ASP, Drambi Vandi, ya harbe wata lauya mai juna biyu, Bolanle Raheem, tana cikin mota tare da iyalinta. Ya musanta a kotu. Amma a wannan karon abokan aikinsa da suke tare a wurin sun shiga akwatin shaida. Ɗayansu ya faɗa wa kotu cewa bayan harbin Vandi ya roƙe shi ya ba shi harsashi don ya cike gurbin nasa, shi kuma ya ƙi. Mai kula da ma'ajiyar makamai ya tabbatar harsasan da aka ba shi ba su dawo a cike ba. Ranar 9 ga watan Oktoban 2023 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Ƙasa da wata goma ke nan.

Shekara 12 a can, wata goma a nan. Bambancin bai tsaya ga ƙwazon alƙalai ba. Ka yi tunanin da sufeton nan ya zaro harsashi ɗaya daga aljihunsa ya miƙa wa abokinsa, abin da a wurinsu ba wani babban abu ba ne, taimakon ɗan'uwa ne kawai. Da lissafin ma'ajiya ya cika cif, da sai a ce ai harsashin daga wani wuri ya fito, da har yau ana ɗage zama.

Sai dai fa kada mu ruɗi kanmu. Bolanle lauya ce, Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta tsaya kai da fata, shugaban ƙasa da kansa ya yi tir, ga zaɓen 2023 ya ƙarato. Iska ta riga ta juya, kowane jami'i a wannan ofis ya san rufa-rufa ba za ta yiwu ba, kuma wanda ya gwada zai bi abokinsa. Wannan shi ke nuna mana cewa shirun ɗan sanda lissafi ne. Yana auna wanne ya fi tsada a wurinsa, magana ko shiru, sai ya ɗauki mai araha. Ranar da wanda aka harbe ɗan ga-ruwa ne a Kurna ko ɗan acaɓa a wani ƙauye, babu ƙungiya, babu kyamara, shiru kyauta ne, magana kuwa tana iya cin aikinsa.

Mu yi wa ƙaramin ɗan sanda adalci mu duba abin da ke gabansa. Aikin kaki aiki ne na bin umarni daga sama zuwa ƙasa. In kurtu yana da ƙorafi, ta hannun na gaba da shi zai bi. To in na gaba da shi ɗin ne mai laifin, ko kuwa yana da kaso a abin da ake karɓa a shinge? Kowa ya san maganar da ake yi a gari, cewa ɗari biyu da ɗari biyar ɗin da direba ke miƙawa ba duka ke tsayawa a aljihun mai karɓa ba. Inda haka take, kai ƙarar abokin aiki daidai yake da kai ƙarar mai gida wurin mai gida. Ogan nan shi ke raba wurin aiki, shi ke rubuta rahoton da ƙarin girma ya dogara da shi, shi ke iya gurfanar da kai a shari'ar cikin gida kan laifin rashin ɗa'a ko makara. Ba sai an kore ka ba. Ya isa a tura ka wani lungu mai hatsari, nesa da matarka da 'ya'yanka, a manta da kai.

Akwai kuma tsoron da mu farar hula ba mu cika ganewa ba. Ɗan sandan da zai fita sintiri a hanyar Birnin Gwari ko dazukan Zamfara, rayuwarsa bayan Allah tana hannun wanda ke zaune kusa da shi a bayan mota. In aka sa masa sunan munafuki, mai kai rahoto, wa zai kare bayansa ranar da wuta ta buɗe? Wannan zumuncin na 'yan kaki ɗaya ba ƙarya ba ne, kuma ba mugun abu ba ne a asalinsa. Mutanen da ke kwana a titi tare, albashinsu bai taka kara ya karya ba, barikinsu na yoyo, tsofaffinsu na zanga-zangar fansho a Abuja, jama'a kuma na zaginsu dare da rana, dole su ji cewa ba su da kowa sai junansu. Matsalar ita ce azzalumin cikinsu da wannan zumuncin yake lulluɓa. Yana cin amanar da aka tanada don ranar artabu, ya kashe ta a kan wayar ɗalibin da ya ƙwace.

Mu ma da namu. Mu Hausawa muna girmama rufin asiri, har addu'a muke yi da shi. Tun a aji ɗaya na firamare, yaron da ya faɗa wa malam wanda ya yi surutu shi ne abin tsana. A jami'a, wa ya taɓa nuna mai satar amsa a ɗakin jarrabawa? Daga cikinmu ake ɗaukar 'yan sandan nan, da tarbiyyar da muka ba su suke shiga kaki. Amma rufa wa mutum asirin talaucinsa ko wani kuskure da ke tsakaninsa da Ubangijinsa daban, ɓoye shaida a kan haƙƙin wani daban. Na biyun malamanmu sun sha faɗa mana cewa zunubi ne, an hana shi ƙarara a ƙarshen Suratul Baƙara. Wanda ya ga an azabtar da ɗan wani har ya mutu, ya rubuta cewa rashin lafiya ce ta kama shi a sel, asirin wa ya rufa? Uwar yaron ai ba a rufa mata komai ba.

Illar wannan ga hukunta masu laifi tana da sauƙin ganewa in ka san inda hujja take zama. Littafin da ake rubuta shige da ficen caji ofis, a hannun 'yan sanda yake. Rajistar bindigogi da harsasai, a hannunsu. Jerin sunayen waɗanda suke bakin aiki a daren, a hannunsu. Mai binciken da za a ba fayil ɗin ɗan sanda ne, sau da yawa mai gabatar da ƙara a kotun majistare ma ɗan sanda ne. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda kundin tsarin mulki ya ba ikon ladabtar da kowane jami'i ban da Sufeto Janar, ta miƙa ladabtar da ƙananan jami'ai ga rundunar, kuma a kan manyan ma galibi rahoton binciken rundunar take jira. Sashen karɓar ƙorafi da aka buɗe a 2015 zamanin Solomon Arase yana da amfani, mutane sun sha samun kuɗinsu da aka ƙwace ta dalilinsa, amma shi ma in ka kira shi, wani jami'in zai kira ya tambaya me ya faru. Duk inda ka bi, ƙarshenta sai ka dawo kan bakin ɗan sanda. In bakin nan a rufe yake, kwamiti goma ba zai fitar da komai ba.

Mun gani bayan zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020. Tun kafin ta, ƙungiyar Amnesty ta tattara bayanan mutum 82 da ta ce jami'an SARS sun azabtar, sun ci zarafi ko sun kashe tsakanin Janairun 2017 da Mayun 2020. Aka rusa SARS ranar 11 ga Oktoba, jihohi suka kafa kwamitocin sauraren ƙorafi. Mutane suka zo da tabo a jiki da hotunan 'ya'yansu. Me aka yi ta ji daga ɓangaren runduna? An yi wa jami'in canjin wurin aiki, ya yi ritaya, ba a san mai wannan suna ba, fayil ya ƙone. Har ƙara sashen shari'a na rundunar ya shigar a Babbar Kotun Tarayya yana neman a dakatar da kwamitocin, sai da aka yi ca kafin Sufeto Janar na lokacin ya ce ba da yawunsa ba, aka janye ta. An biya wasu diyya, musamman a Legas. Amma diyya daga baitulmali take fita, wato daga aljihunmu, wanda ya yi ɓarnar ko sisi bai biya ba.

Na san a lokacin da yawa daga cikinmu a Arewa sun ɗauki abin a matsayin rigimar 'yan Kudu, gwamnoninmu ma sun fito sun ce SARS na da amfani a yankinmu. Ana iya muhawara a kan wannan. Abin da ba a iya musu a kai shi ne, duk wanda ya taɓa zuwa belin ƙaninsa da aka kwashe a kamen dare ya san "beli kyauta ne" a jikin bango kawai take, kuma ya san ba a ɓoye ake cinikin ba. A gaban kowa ake yi.

Ba kuma ciwon Najeriya kaɗai ba ne. A Amurka har suna suka raɗa masa, shuɗiyar katangar shiru, saboda launin kakin 'yan sandansu. Frank Serpico, wanda ya fallasa cin hancin 'yan sandan birnin Niyok, an harbe shi a fuska a wani samame a 1971, kuma ya rayu yana zargin abokan aikinsa da ƙin kawo masa ɗauki. Kisan George Floyd a watan Mayun 2020 kowa ya san shi, amma ba kowa ya san sanarwar farko da 'yan sandan birnin suka fitar ba. Cewa suka yi wani mutum ya rasu bayan ya gamu da matsalar rashin lafiya yayin da ake kama shi. Babu maganar gwiwa a wuya. Bidiyon wata yarinya 'yar shekara 17 ne ya ƙaryata su.

Abin da ya ja hankalina a wannan shari'ar shi ne makomar sauran ukun da ke wurin. Biyu daga cikinsu sabbin shiga ne, ba su fi 'yan kwanaki da fara aiki sosai ba, shi kuwa Derek Chauvin ya shekara 19 a kaki. Ɗaya daga cikin sabbin har tambaya ya yi ko a juya mutumin ya kwanta ta gefe, ogan ya ce a'a, ya ja bakinsa. Duk da haka a watan Fabrairun 2022 kotun tarayya ta same su ukun da laifi, kan ƙin ba shi agaji, biyu kuma har da laifin ƙin hana abokin aikinsu. Kowannensu ya tafi gidan yari. Ana iya cewa an tsananta wa sabbin. Amma daga ranar, duk wani ɗan sandan Amurka da ke tsaye yana kallo ya san tsayuwar tana da farashi.

Wani zai ce ai mu ba mu da irin wannan doka. Muna da ita. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara 25, ta ce umarnin na gaba ba hujja ba ne, ta kuma ɗauki wanda yake wurin lokacin da ake azabtarwar a matsayin mai laifi kamar wanda ya yi da hannunsa. A rubuce take. Abin da muke jira shi ne antoni janar na jiha ko na tarayya da zai ɗauko ta ya gurfanar da mai tsaron kanta tare da mai riƙe da gora. Shari'a ɗaya irin wannan, in aka yi ta a bainar jama'a, za ta yi aikin da tarukan bita ɗari ba su yi ba.

Amma tsoratarwa kaɗai zalunci ce in ba a buɗe wa mutum ƙofar fita ba. Ba za ka ce wa kurtu in ka yi shiru ɗauri, in ka yi magana ka shiga uku ba. Shirin kwarmata bayanai da gwamnatin tarayya ta ɓullo da shi a Disambar 2016 na Ma'aikatar Kuɗi ne, a kan dukiyar gwamnati da aka wawure, har da ladan kashi biyu da rabi zuwa biyar cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Wato wanda ya nuna inda aka ɓoye dala yana da tukuici, wanda ya nuna inda aka binne mutum ba shi da ko kariya. Dubi Nnamdi Emeh, matashin da ya yi hidimar ƙasa da wani sashen 'yan sanda a jihar Anambra. Bayan wasu zarge-zarge masu tayar da hankali a kan manyan jami'an sashen sun fita a intanet a farkon 2023, shi aka bi har Jamhuriyar Benin aka kamo, aka jera masa tuhume-tuhume, ya kuma ci gaba da zama a tsare tsawon lokaci duk da kotu ta ba da belinsa. Ko zargin nasa gaskiya ne ko ƙarya, kotu ce za ta faɗa. Amma kowane ɗan sanda a ƙasar nan ya ga wanda aka fara kullewa.

Don haka abin da ya kamata Majalisar Tarayya da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda su yi ba boyayye ba ne. A samar wa jami'i hanyar kai rahoto kai tsaye ga hukumar ko ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ba tare da ya bi ta teburin ogansa ba, kuma kada a ɗauki hakan a matsayin tsallake na gaba. Duk wanda ya kai irin wannan rahoto, a hana canza masa wurin aiki ko gurfanar da shi a shari'ar cikin gida sai da amincewar hukumar, in kuma shi ya nemi a ɗauke shi daga ofishin don tsaron ransa, a ɗauke shi a ranar. Duk lokacin da mutum ya mutu a hannun 'yan sanda, a raba jami'an da ke wurin, kowa ya rubuta bayaninsa shi kaɗai kafin su haɗu su daidaita baki, a kuma ƙwace rajistar makamai da littafin ofis a cikin awannin farko, wani daga wajen rundunar ya riƙe. Sufeton da ya ƙi miƙa harsashin nan a Ajah, da ƙarin girma aka yi masa a bainar jama'a aka faɗi dalili, da saƙon ya isa kowace bariki.

Mu da ke koyon aikin jarida ma akwai gyara a wurinmu. Sau da yawa sanarwar kakakin 'yan sanda ake kwafa a fassara a saka, har da kalmominsa: an yi musayar wuta, waɗanda ake zargin sun samu raunuka, likita ya tabbatar da mutuwarsu. A 2005 ma da farko haka aka ba da labarin matasan Apo. Ba laifi ba ne a kawo abin da runduna ta ce, aikinmu ne. Amma in kakakin ya ce an kama jami'i ɗaya, akwai tambayoyin da ba sa buƙatar wani dogon bincike, kuma ko ɗan koyo zai iya ɗaga hannu ya yi su: mutum nawa ne a tawagar ranar, wa ke jagorantar ta, a cikinsu akwai wanda ya kai rahoto kafin bidiyon ya fita, in babu kuma wane mataki aka ɗauka a kansu? In bai amsa ba, a rubuta cewa an tambaye shi bai amsa ba, a sake tambayarsa a taron manema labarai na gaba.